Yadda Ake Gina Shafin Intanet da Buɗaɗɗiyar Manhaja, Daga Sayen Adireshi Zuwa Kula da Shi

Shafin intanet da aka gina da WordPress ko Joomla ko Drupal abu biyu ne a haɗe, kuma wanda ya riƙe wannan tun farko ya rage wa kansa wahala mai yawa. Kashi na ɗaya fayiloli ne: manhajar kanta, da jigon da ke ba shafin kamanninsa, da hotunan da aka ɗora. Kashi na biyu rumbun bayanai ne, inda duk rubutun da aka wallafa yake zaune tare da sunayen masu shiga da saitunan shafin. Duk sa'ad da wani ya buɗe shafinka, saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, takan tashi manhajar, manhajar ta nemo abin da ake so daga rumbun bayanai, ta zuba shi cikin jigo, sannan ta miƙa wa burauzar mai karatu. Irin wannan manhaja ita ake kira CMS. Amfaninta shi ne ka yi rubutu, ka sa hoto, ka sauya tsarin shafi daga allon gudanarwa, ba sai ka iya HTML ba.

Ana ce mata buɗaɗɗiya ne saboda lasisinta. Waɗannan ukun duk suna ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya yarje wa kowa ya sauke manhajar, ya karanta lambobinta, ya sauya su, ya raba wa wasu, ba tare da ya biya ko sisi ba. Manhajar ce kyauta. Adireshi da masaukin da shafin zai zauna kuwa biya ake yi. Babbar ribar ita ce shafin naka ne: ranar da kamfanin masauki ya ɓata maka rai, kana iya tattara fayilolinka da rumbun bayananka ka koma wani wuri.

Wace manhaja za a ɗauka

WordPress ta fito a 2003. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka tsiro da ita daga wata tsohuwar manhaja mai suna b2/cafelog, kuma a yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kanta suke. Wannan yawan yana da amfani a aikace, domin da wuya ka ci karo da matsalar da wani bai riga ka gani ba, kuma kusan duk kamfanin masauki ya san yadda ake tafiyar da ita. Joomla ta ɓalle daga Mambo a 2005. Tana zuwa da tsarin harsuna da yawa a cikinta, da tsarin iyakance abin da kowane mai shiga zai iya gani ko taɓawa, ba sai an ƙara mata komai ba. Drupal, wadda Dries Buytaert ya fitar a 2001, ta fi ƙarfi inda bayanai ke da tsari mai yawa. Misali kundin littattafai dubu, kowane da marubuci da shekara da fanni, ana so mai karatu ya tace su yadda ya ga dama. Sai dai Drupal tana son wanda ba ya tsoron rubuta umarni a baƙin allo, domin da wata manhajar umarni mai suna Composer ake girka ta ake sabunta ta. A kuma kiyayi tsofaffin darussan Drupal 7, an daina tallafa mata tun watan Janairun 2025.

Ga wanda wannan ne shafinsa na farko, WordPress ta fi dacewa, kuma matakan da ke tafe ita suka bi. Ƙashin bayan aikin ɗaya ne a sauran biyun: fayiloli, rumbun bayanai, da fayil guda da ke haɗa su.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar. WordPress.org nan ne ake sauke manhajar kyauta a girka a masaukin da mutum ya zaɓa. WordPress.com kamfani ne da ke ba da masauki bisa nasa sharuɗɗan da nasa matakan biya. Na farkon muke nufi a nan.

Adireshi da masauki

Adireshin shafi, wato domen, haya ake yi shekara-shekara, ba saye na har abada ba. Ka yi rajistarsa da sunanka da imel ɗinka, ko da wani ne zai gina maka shafin. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda sunansa ke kan rajistar shi ne mai adireshin, kuma idan kuka saɓa da maginin da ya yi rajista da nasa sunan, ba ka da hanya mai sauƙi ta karɓowa. Ka kunna sabuntawar kai-tsaye, ka tabbata imel ɗin da ka bayar wanda kake dubawa ne, domin can ake aiko gargaɗin ƙarewar wa'adi. Sunan ya zama gajere, wanda idan ka faɗa wa mutum da baki zai rubuta shi daidai. Lambobi da karan ɗori suna kawo kuskure.

Masauki shi ne saba da ke kunne dare da rana tana ɗauke da shafin. Sabon shafi ba ya buƙatar saba tasa ta kansa. Masaukin haɗaka ya isa, wanda yake kamar gidan haya ne: kowa da ɗakinsa, amma ruwa da wuta na kowa da kowa ne, don haka idan wani maƙwabci ya cika ja, kai ma za ka ji a jikinka. Kafin ka biya, ka duba ko suna ba da PHP 8, wato yaren da aka rubuta WordPress da shi, da manhajar rumbun bayanai ta MySQL 8.0 ko MariaDB 10.6 zuwa sama. Ka tambaya ko akwai takardar HTTPS kyauta ta Let's Encrypt, wadda ke tsare abin da ke wucewa tsakanin shafi da mai karatu, da shiga ta SFTP don ɗora fayiloli, da kwafin ajiya na kullum, da damar ɗaga ƙwaƙwalwar PHP zuwa megabayit 256. Wurin ajiya na gigabayit 5 zuwa 10 ya wadatar a farko, tunda WordPress kanta ba ta kai megabayit 100 ba, hotuna ne ke cinye wuri. Ka kuma karanta kuɗin sabuntawa, domin sau da yawa kuɗin shekarar farko rangwame ne, na shekara ta biyu ya ninka.

Idan wuri ɗaya ka sayi adireshi da masauki, galibi a haɗe suke zuwa. Idan wurare biyu ne, sai ka haɗa su ta DNS, tsarin da ke nuna wa burauza sabar da adireshi yake kai. Ko dai ka sauya nameserver na adireshin zuwa waɗanda masaukin ya ba ka, ko ka bar su ka ƙirƙiri rekod na A mai nuni ga lambar IP ta sabar, da wani na www. Sauyin yakan ɗauki mintuna kaɗan, wani lokaci har awa 48 kafin ya game ko'ina. A wannan tsakanin wayarka za ta iya ganin shafin, kwamfutarka ta kasa. Kada ka yi ta sake saitin, haƙuri kawai yake so.

Da zarar adireshin ya fara aiki, ka kunna HTTPS kafin ka girka komai. Dalili shi ne WordPress tana rubuta adireshin da aka girka ta da shi a cikin rumbun bayanai. Idan ka girka da http ka koma https daga baya, hotuna da fayilolin jigo za su ci gaba da zuwa ta tsohuwar hanya, burauza ta riƙa nuna gargaɗi ko ta hana su fitowa. Takardun Let's Encrypt kwana 90 suke yi a tsarin da aka saba, kuma masauki mai kyau da kansa yake sabunta su.

Gwaji a kwamfutarka

Wanda ke son ya koyi hannu kafin ya kashe kuɗi zai iya mayar da kwamfutarsa saba. Wata manhaja mai suna XAMPP tana girka Apache, wato manhajar saba, da MariaDB da PHP a lokaci ɗaya. Sai ka zuba fayilolin WordPress a foldar htdocs, ka buɗe localhost/phpmyadmin a burauza, wato allon kula da rumbu na phpMyAdmin, ka ƙirƙiri rumbun bayanai. Sunan mai amfani root ne, kalmar sirri kuwa a bar wurin babu komai. Idan Apache ta ƙi tashi, yawanci wata manhaja ce ta riga ta kama ƙofa ta 80. Buɗe httpd.conf, mayar da layin Listen 80 ya zama Listen 8080, sannan ka riƙa shiga ta localhost:8080. Kai kaɗai ke ganin wannan shafin, don haka ka lalata shi ka gyara iya son ranka.

Girkawa

Yawancin masaukai suna da maɓallin girkawa na danna-ɗaya, irin su Softaculous a cikin cPanel, allon da ake sarrafa asusun masauki da shi. Yana aiki, ba laifi. Amma ka duba abin da ya liƙa maka, domin wasu kan haɗo da fulogin, wato ƙananan manhajojin ƙari, da jigogin da ba ka nema ba. Duk da haka yana da kyau mutum ya girka da hannu ko sau ɗaya ne, saboda a nan ne yake ganin yadda kashi biyun nan suke haɗuwa.

Sauke fayil ɗin zip daga wordpress.org. Ɗora shi yadda yake ta File Manager na cPanel zuwa foldar public_html, inda fayilolin shafi ke zama, sannan ka warware shi a can. Hakan ya fi ɗora dubban ƙananan fayiloli ɗaya bayan ɗaya, inda katsewar intanet kan sa wasu su ɓace ba ka sani ba. Zip ɗin yana ɗauke da folda mai suna wordpress. Ka kwashe abin da ke cikinta ka dawo da shi cikin public_html kai-tsaye, in ba haka ba adireshin shafinka zai ƙare da /wordpress.

Sai rumbun bayanai. A cPanel matakai uku ne: ka ƙirƙiri rumbun, ka ƙirƙiri mai amfani da kalmar sirrinsa, sannan ka haɗa mai amfanin da rumbun ka ba shi dukkan izini. Mataki na ukun shi aka fi mantawa, kuma shi ke sa girkawa ta tsaya cik alhali suna da kalmar sirri duk daidai suke. Ka lura cPanel kan ƙara sunan asusunka a gaban sunan rumbun da na mai amfani, don haka cikakken sunan za ka kwafa, har da abin da ke gaban layin ƙasa.

Yanzu buɗe adireshinka a burauza. Allon girkawa zai nemi abu biyar: sunan rumbu, sunan mai amfani, kalmar sirri, adireshin sabar rumbun, da haruffan da za su fara sunan kowane teburi na cikin rumbun. Na huɗun localhost ne a yawancin masaukai, sai dai wasu suna da nasu adireshin daban, za ka same shi a allon asusunka. Na biyar wp_ ne, ana sauya shi idan shafuka biyu za su zauna a rumbu ɗaya. WordPress za ta rubuta waɗannan a cikin wp-config.php. Wannan fayil shi ne igiyar da ta ɗaure fayiloli da rumbun bayanai. A Joomla sunansa configuration.php, a Drupal kuma settings.php. Duk wanda ya karanta shi ya sami mabuɗin rumbunka, don haka ba a tura shi ga kowa, ba a kuma barin kwafinsa da wani suna a cikin public_html.

Allo na ƙarshe yana neman sunan shafi da asusun mai gudanarwa. Kada ka sa admin a matsayin suna. Akwai manhajojin ɓarayi da ke yawo a intanet suna gwada kalmomin sirri a ƙofar kowane shafin WordPress da suka samu, kuma da wannan sunan suke farawa. Kalmar sirri ta kai haruffa 16 ko fiye, wadda ba ka amfani da ita a ko'ina. Daga nan ƙofar shigarka ita ce adireshinka da /wp-admin a ƙarshe.

Saitunan awar farko

A Settings, ƙarƙashin General, ka saita yankin lokaci, domin da shi ake lissafin ranar wallafa da rubutun da aka tsara ya fita nan gaba. A wannan allon akwai akwatuna biyu, WordPress Address da Site Address. Kada ka taɓa su sai ka san abin da kake yi, harafi ɗaya da ya kauce zai rufe maka ƙofar shiga.

Je Permalinks ka zaɓi Post name, don adireshin kowane rubutu ya ɗauki sunansa maimakon lamba irin ?p=123. Yi wannan yau. Idan ka bari sai shafin ya yi wata shida, duk mahaɗin da mutane suka raba da wanda Google ta adana zai iya mutuwa.

A Reading za ka zaɓi ko fuskar shafin ta riƙa nuna sabbin rubuce-rubuce ko wani tsayayyen shafi da ka tsara. A ƙasa akwai akwatin da ke roƙon injinan bincike kada su lissafa shafin. Ka sa masa alama yayin gini, ka kuma rubuta wa kanka tunatarwa ka cire ta ranar buɗewa. Shafuka da yawa sun yi watanni ba sa fitowa a bincike saboda wannan ɗan akwatin kawai. Goge rubutun gwaji da shafin gwaji da suka zo da manhajar.

Kafin ka fara zuba rubutu, ka ɗauki takarda ka zana abin da shafin zai ƙunsa. WordPress ta raba abubuwa gida biyu. Pages na abin da ba ya tsufa ne, kamar bayanin ko su wane ne ku da yadda za a same ku. Posts na abin da ke da kwanan wata ne, kamar labarai da sanarwa, kuma su ake rarrabawa cikin rukunoni. Rukuni biyar zuwa bakwai sun isa. Wanda ya ƙirƙiri rukuni talatin tun bai rubuta abu goma ba zai tarar da yawancinsu fanko.

Idan akwai masu taya ka aiki, kowa ya sami nasa asusun da matsayin da ya dace da aikinsa. Matsayi biyar ne. Administrator na iya komai har da rushe shafin. Editor na gyara da wallafa rubutun kowa. Author na wallafa nasa kaɗai. Contributor na rubutawa amma sai an duba kafin ya fita. Subscriber ba ya rubuta komai. Mai rubuta labarai ba ya buƙatar ikon girka fulogin. Kai ma da kanka, ya fi ka riƙe asusun Editor na aikin yau da kullum.

Jigo da fulogin

Jigo shi ke tsara launi, rubutu da shimfiɗar shafi. Tunda rubutunka a rumbun bayanai yake, kana iya sauya jigo ba tare da ka rasa kalma ɗaya ba. Ka fara da jigo mai sauƙi daga ma'ajiyar da ke cikin allon Appearance. Tun daga WordPress 5.0 a ƙarshen 2018 ake rubutu da tsarin bulo, inda kowane sakin layi da hoto yake zaman kansa, kuma daga 5.9 a 2022 sabbin jigogi suna barin a gyara saman shafi da ƙasansa da irin waɗannan bulon. Gwada jigon a waya kafin kwamfuta, domin ta waya yawancin masu karatu za su zo. Idan za ka taɓa lambobin jigo, ka ƙirƙiri ɗan jigo wanda ke gadon uwar, ka yi gyaranka a cikinsa. Wanda ya gyara uwar kai-tsaye zai rasa aikinsa duka ranar da aka sabunta ta.

Fulogin ƙarin manhaja ce da ke ba shafi wani aiki, kamar fom na tuntuɓa ko kanti irin WooCommerce. A nan ne sababbi suka fi cutar da kansu. Kowace fulogin lambobi ne da wani ya rubuta, waɗanda ke gudana da cikakken iko a kan fayilolinka da rumbunka, kuma mafi yawan ramukan tsaro da ake ganowa a duniyar WordPress daga fulogin suke, ba daga manhajar kanta ba. Kafin ka girka, duba yaushe aka sabunta ta ƙarshe, shafuka nawa ke amfani da ita, da ko an gwada ta da WordPress ɗin da kake kai. Wadda ta shekara ba a taɓa ta ba, a bar ta. Aiki ɗaya, fulogin ɗaya: biyu masu saurin loda shafi ko biyu masu tsaro sukan yi karo. Wadda ka daina amfani da ita ka goge ta gaba ɗaya, domin kashe ta kawai ba ya cire fayilolinta daga saba.

Jigo ko fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta a wasu shafuka, waɗanda ake kira nulled, kada ka kusance su. Sau da yawa an cusa musu ƙofar baya, kuma ba sa samun sabuntawa. Shafin zai yi kamar lafiya lau na tsawon makonni, sannan ya fara tura masu karatunka wuraren caca ko aika saƙonnin banza da sunanka.

Haruffa masu lanƙwasa

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin abin dubawa. Haruffan ƙ, ɗ, ɓ da manyansu suna buƙatar rumbun bayanai ya kasance a tsarin haruffa na UTF-8, kamar utf8mb4. WordPress tana amfani da shi tun sigar 4.2 ta 2015, amma idan da hannu ka ƙirƙiri rumbun a phpMyAdmin, ka zaɓi wanda ya fara da utf8mb4, ba latin1 ba. Idan ka ga alamar tambaya ko wasu baƙin haruffa a madadinsu, matsalar daga nan take.

Wata matsalar daban ita ce ta salon rubutu. Salo da yawa ba su da waɗannan haruffa, sai burauza ta aro su daga wani salon, ka ga ɗ ta fi maƙwabtanta kauri ko tsawo a tsakiyar kalma. Kafin ka amince da jigo, rubuta jimla mai ɗauke da dukkansu, ƙanana da manya, a kanun labari da cikin rubutu, ka duba a waya da kwamfuta. Noto Sans da Andika da Charis SIL suna da su cikakku. A adireshin rubutu kuwa ka mayar da su k, d, b da hannunka, saboda ƙ a cikin mahaɗi takan koma %C6%99 idan aka kwafa, mahaɗin ya yi tsawo ya yi muni.

Hotuna da imel

Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabayit 3 zuwa 5, faɗinsa kusan fiksel 4000. Shafi ba ya buƙatar haka. Rage faɗin zuwa 1600, ka matse shi ya dawo ƙasa da kilobayit 300 kafin ka ɗora. WordPress tana karɓar WebP tun sigar 5.8, kuma ya fi JPEG sauƙin nauyi. Shafin da ke jan ƙafa wajen buɗewa, hotunansa za a fara tuhuma. Cike akwatin bayanin hoto, shi manhajar makafi ke karantawa. Idan aka ce fayil ya wuce girman da aka yarda, iyakar daga PHP take, a saitunan upload_max_filesize da post_max_size, kuma ana ɗaga su daga allon masauki.

Imel ɗin da shafi ke aikawa, kamar na sauya kalmar sirri da na fom, yakan faɗa akwatin banza ko ya ɓace, saboda saba tana aika shi ba tare da shaidar cewa daga adireshinka yake ba. Maganin shi ne fulogin ta SMTP da za ta riƙa aikawa ta ainihin asusun imel, tare da saka rekod na SPF da DKIM a DNS, waɗanda ke ba da wannan shaidar. Cike fom ɗinka da kanka ka ga ko saƙon ya iso kafin ka buɗe shafin ga jama'a.

Kwafin ajiya da sabuntawa

Kwafin ajiya sai ya haɗa kashi biyun kafin ya amsa sunansa. Wanda ya kwafi public_html kaɗai yana da hotuna da jigo amma ba shi da rubutu ko ɗaya. Wanda ya fitar da rumbun bayanai kaɗai yana da rubutu babu hoto. A ɓangaren fayiloli, foldar wp-content da wp-config.php su ne naka na kanka, sauran ana iya sake sauke su. Fulogin irin UpdraftPlus tana iya yin kwafin bisa jadawali ta tura shi wani wuri. Rumbun bayanai kullum, fayiloli mako-mako, ya dace da shafin da ake rubutu a kai a kai. Kwafin da ke zaune a saba ɗaya da shafin ba abin dogaro ba ne, domin abin da ya ci shafin zai ci shi. Sannan ka gwada mayar da shi a XAMPP ko sau ɗaya, ta haka ne kawai za ka san yana aiki.

WordPress tana girka ƙananan sabuntawar tsaro da kanta tun sigar 3.7, kuma daga 5.5 ana iya kunna hakan ga kowace fulogin da jigo. Manyan sabuntawa kuwa ka yi kwafin ajiya tukuna, ka sabunta fulogin ɗaya bayan ɗaya kana duba shafin, don idan wani abu ya karye ka san mai laifin. Allon Site Health da ke ƙarƙashin Tools yana nuna idan PHP ta tsufa ko wani abu ya rasa. Izinin fayiloli 644 ne, na folda 755. Duk darasin da ya ce ka sa 777 don wata matsala ta wuce, yana buɗe wa kowa ƙofar rubutu ne a sabarka.

Idan abu ya lalace

Saƙon Error establishing a database connection yana nufin fayiloli sun kasa isa ga rumbun bayanai. Buɗe wp-config.php ka gwada suna, mai amfani, kalmar sirri da adireshin saba da abin da ke allon masauki. Idan duk daidai ne kuma jiya shafin yana aiki, mai yiwuwa sabar rumbun ce ta faɗi, sai a tuntuɓi masaukin.

Farin allo ko saƙon babban kuskure galibi fulogin ce ko jigo, musamman bayan sabuntawa. Tun sigar 5.2 WordPress kan aiko wa mai gudanarwa imel da mahaɗin shiga na gaggawa. Idan bai zo ba, shiga File Manager ka sauya sunan foldar wp-content/plugins zuwa wani abu. Hakan zai kashe dukkan fulogin. Idan shafin ya dawo, mayar da sunan, ka kunna su ɗaya-ɗaya har ka kama wadda ta jawo. Don ganin ainihin kuskuren, sa WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG su zama true a wp-config.php, WP_DEBUG_DISPLAY kuma false, sannan ka karanta wp-content/debug.log. Layin kuskuren yakan ambaci foldar mai laifin. Kashe su idan ka gama.

Idan fuskar shafi tana buɗewa amma sauran suna ba da kuskuren 404, wato ba a same su ba, je Permalinks ka danna adanawa ba tare da ka sauya komai ba, hakan zai sake rubuta dokokin .htaccess, fayil ɗin da ke nuna wa saba inda kowane mahaɗi zai kai. Idan shafin ya maƙale yana cewa ana gyara bayan sabuntawar da ta katse, goge fayil mai suna .maintenance a public_html. Sunansa ya fara da ɗigo, don haka sai ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli kafin ka gan shi. Idan ka yi gyara bai bayyana ba, share ma'ajiyar wucin gadi ta fulogin da ta burauza kafin ka zargi wani abu.

Ɗauke shafi daga kwamfuta zuwa masauki, ko daga wani adireshi zuwa wani, yana da tarkonsa. Bayan ka ɗora fayiloli, ka shigar da rumbun ta phpMyAdmin, ka gyara wp-config.php, tsohon adireshin yana nan a rubuce a wurare da yawa cikin rumbun, farawa da layukan siteurl da home a teburin wp_options. Kada ka buɗe fayil ɗin SQL ka yi nema-da-sauyawa irin na manhajar rubutu. WordPress tana adana wasu saituna tare da adadin haruffansu, kuma idan tsawon adireshin ya sauya adadin bai sauya ba, saitunan jigo sukan ɓace. Yi amfani da umarnin wp search-replace na WP-CLI, manhajar sarrafa WordPress daga baƙin allo, ko fulogin irin Better Search Replace, waɗanda ke gyara adadin tare da adireshin. Dukansu suna da gwajin da ba ya taɓa komai, wanda zai nuna maka wurare nawa za a sauya. Fara da shi, ka duba adadin, sannan ka yi na gasken. Bayan haka ka sake adana Permalinks, ka buɗe shafuka uku ko huɗu masu hotuna ka tabbata babu wanda ke neman localhost.